Bakabon: tarihin dariyar da aka haifa a gidan haya

'Yan uwa ɗalibai, musamman waɗanda karatu ya kawo su kudu irina. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya shiga laburare.

Ina zaune ne a wani gidan haya a bayan makaranta, ɗaki goma sha biyu, banɗaki biyu, rijiya ɗaya, kuma ni kaɗai ne Bahaushe a ciki. Akwai Baba mai kula da gidan, wanda ko sau goma ka fita a rana sai ya tambaye ka ina za ka. Akwai Mama mai ƙosai, tun kafin asuba take fara markaɗe, inji a jikin tagata. Akwai kuma yaron ɗaki na shida, ɗan aji uku a injiniya, wanda dariya ba ta zo masa sai dare ya raba. Shekara guda na yi a gidan nan ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa ni da kowa. Daga ɗaki sai dafatmen, daga dafatmen sai masallaci, sai ɗaki.

Watanni biyu da suka wuce sufabaizana ya dawo min da babi na biyu karo na uku, ko'ina jan biro. A daren ina zaune na zuba wa laftof ido, har na fara lissafin kuɗin motar komawa gida, sai dariyar yaron nan ta taso wajen ƙarfe ɗaya. Wallahi da niyyar faɗa na tashi. Na buga ƙofarsa da ƙarfi, ya buɗe yana share hawaye, ya ce, "Malam, yi haƙuri, amma don Allah zo ka ga wannan." Da na leƙa, sai ga wani tsohon katun na Japan: ɗan sanda mai idanu biyu a haɗe yana bin wani mutum da gudu yana ta harbi sama da ƙasa, a gefe kuma wani tsoho yana shara abinsa ko a jikinsa. Wanda ya zo faɗa bai koma ɗakinsa ba sai ƙarfe uku.

To kun san halin ɗan tarihi, ba ya ganin abu bai tambayi asalinsa ba. Abin da na tono shi ne zan ba ku.

Sunan katun ɗin Tensai Bakabon. A harshen Japan "tensai" haziƙi ne, "baka" kuma wawa, kenan tun daga suna an fara tsokana. Labarin wani gida ne a wata unguwa ta Tokyo. Bakabon yaro ne mai kyan hali amma abu ba ya shiga kansa da wuri. Ƙaninsa Hajime tun yana jariri yake magana, yana yi wa manya bayanin lissafi da tafiyar taurari. Uwarsu ce kaɗai mai cikakken hankali a gidan. Amma wanda ya ƙwace labarin shi ne Baban Bakabon, mai ɗaure goshi da ƙyalle, da ɗamarar ulu a ciki, ba ya aikin fari balle na baƙi. Kuma fa ya gama jami'a! Sunanta Bakada, wato jami'ar wawaye, an juya sunan Waseda ne, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in Tokyo. Tsofaffin abokan karatunsa sukan kawo masa ziyara, kowanne ya fi wani taɓin kai. Duk ɓarnar da ya tafka, Baban yana da kalma ɗaya da yake rufe zance da ita, ma'anarta dai yadda abin ya kasance ɗin ya yi daidai.

Maƙwabta kuma su ne gishirin miyar. Tsohon nan mai tsintsiya kullum yana ƙofar gida yana shara, duk wanda ya gifta sai ya tambaye shi ko fita zai yi. Ɗan sandan unguwa ba ya bincike, harbi kawai yake yi. Har da wata halitta rabi kare rabi kifi, ubanta kare, uwarta wani dogon kifi mai kama da maciji, kuma ta fi kowa ladabi a unguwar.

Irin wannan barkwanci na maƙwabta ya girmi talabijin nesa ba kusa ba. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, talakawan birnin da yanzu ake kira Tokyo suna zama ne a dogayen gidajen katako da ake kira nagaya, ɗaki na jingine da ɗaki, bango siriri, rijiya da banɗaki na kowa da kowa. Idan kun lura, gidan hayarmu kenan sak. Daga wannan zama aka samu labaran rakugo da yawa, inda mutum ɗaya zai zauna a kan matashi, ba komai a hannunsa sai mafici da ɗan ƙyalle, yana kwaikwayon muryar mai gida da 'yan haya da wawan unguwa da suke kira Yotaro. A labaran nan ba a korar wawa. Ana zaginsa, ana dariyarsa, amma gobe da shi za a ci abinci.

Wanda ya ɗauko wannan gado ya zuba shi a zane shi ne Fujio Akatsuka, kuma rayuwarsa ba ta fara da dariya ba. An haife shi ranar 14 ga Satumba 1935 a Manchuriya, arewa maso gabashin Sin, yankin da Japan ta mamaye ta kafa gwamnatin jeka-na-yi-ka a 1932. Mahaifinsa jami'in tsaro ne na 'yan mamaya, mutum mai tsanani wanda ko littafin zane ba ya bari a karanta a gidansa. A watan Agusta 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka shigo Manchuriya, Japan ta miƙa wuya, mutanen da aka daɗe ana dannewa suka tashi ramuwa. An kashe iyalan Japanawa da dama, har da maƙwabtansu. Iyalan Akatsuka sun tsira ne da taimakon 'yan ƙasar Sin da suka san mahaifin, domin duk da aikin da yake yi an shaide shi da zaman mutunci da su. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sojojin Sobiyet suka tafi da uban Saiberiya. Uwar ta kwaso yara a 1946 ta bi ayarin miliyoyin Japanawa da ake mayarwa gida. Kafin tafiyar wata ƙanwarsa ta rasu da ciwon maƙogwaro, wani ƙaninsa kuma aka ba da shi riƙo a wani gida. Autarsu 'yar wata shida ta jure hanya har suka isa gidan kakanninsu a yankin Nara, isarsu ke da wuya ta cika, saboda yunwa. Yaron yana ɗan shekara goma ya ga wannan da idonsa. Uban bai dawo ba sai 1949, kuma ya dawo wani mutum daban, duk tsananin nan ya karye. Daga baya an san cewa a jikin wannan uban Akatsuka ya ɗauko siffar Baban Bakabon. Tun da na karanta haka kallon da nake yi wa mai ɗamarar ulun ya canza.

A Nara ne yaron ya ci karo da littafin zanen Osamu Tezuka a shagon hayar littattafai, ya ce shi ma abin da zai yi kenan. Babu kuɗin zarcewa da karatu, sai ya kama aiki a shagon masu rubuta allon talla a Niigata. Aikin ya haɗa shi da gidajen silima, a nan ya ƙoshi da finafinan Charlie Chaplin da Buster Keaton, masu ba da dariya da faɗuwa da guje-guje ba tare da dogon surutu ba. A 1954 ya tafi Tokyo, yana aiki a masana'antar sinadarai da rana, yana zane da dare.

Yanzu ga wurin da ya fi taɓa ni. A 1956 ya tare a wani gidan haya mai suna Tokiwa-so a gundumar Toshima. Bene ne na katako, ɗakuna ƙanana da ba su wuce murabba'in mita bakwai ko takwas ba, kicin ɗaya, banɗaki na tarayya, babu ma wurin wanka. Tezuka ya zauna a gidan daga 1953 zuwa 1954, da zai tashi ya bar wa wasu samari biyu ɗakinsa da teburinsa, samarin da suke zane da sunan Fujiko Fujio, wanda duniya ta sani ta dalilin Doraemon. Akwai Shotaro Ishinomori, wanda daga baya ya ƙirƙiri Kamen Rider. A ɗakin Ishinomori Akatsuka ya fara rakuɓewa, yana taya shi zane yana dafa musu abinci. Abokansa suna ta samun aiki, shi kuwa labaran 'yan mata masu ban tausayi yake zanawa don ya ci abinci, abin da ba shi ne a ransa ba. Har ya kai ya yanke shawarar ajiye alƙalami. Babban yayan gidan, Hiroo Terada, shi ya zaunar da shi, ya ranta masa kuɗin da zai riƙe kansa, ya ce ya ƙara haƙuri. A 1958 wata mujalla ta rasa abin cike gurbi, Ishinomori ya nuna Akatsuka, ya zana wani ɗan barkwanci mai suna Nama-chan, aka karɓa, aka mai da shi na kowane wata.

Ku duba fa: mutumin da Japan take kira sarkin barkwancin zane saura ƙiris ya bar sana'ar, maƙwabcin ɗaki ne ya riƙe shi. Ni da nake lissafin kuɗin mota a wancan daren, na fahimci wannan sosai.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1962 ya fara Osomatsu-kun, labarin yara shida 'yan ciki ɗaya masu kama ɗaya, a mujallar Shonen Sunday. Wani ɗan yaudara mai manyan haƙora a cikin labarin yana da wata tsayuwa da yake yi idan ya firgita, ƙafa ɗaya a sama, hannu a kai. Tsayuwar ta mamaye ƙasar har dodon nan Godzilla ya yi ta a fim ɗin 1965. Sai a 1967 Tensai Bakabon ya fara fitowa a mujallar Shonen Magazine.

Shekarar tana da muhimmanci. Japan ta lokacin ƙasa ce mai gudu ba waiwaye. A 1960 Firaminista Hayato Ikeda ya shelanta shirin ninka kuɗin shigar jama'a cikin shekara goma. A 1964 Tokyo ta karɓi wasannin Olamfik, aka buɗe jirgin ƙasa mai gudun tsiya tsakanin Tokyo da Osaka. A 1968 tattalin arzikin Japan ya wuce na Jamus ta Yamma. Hanyar mutunci ɗaya ce: ka ci jarrabawa, ka shiga babbar jami'a, ka samu babban kamfani, ka mutu a cikinsa. Har suna suka yi wa lokacin jarrabawar shiga jami'a, suna kiransa azabar jarrabawa. Ɗalibai kuma suka tayar da ƙura a 1968 da 1969, har 'yan sanda suka yi kwana biyu suna fafatawa kafin su ƙwace babban zauren Yasuda na Jami'ar Tokyo a Janairun 1969, aka soke jarrabawar shiga jami'ar a wannan shekara. A tsakiyar wannan hayaniya wani ya zana magidanci mai digiri daga jami'ar wawaye, ba aiki, ba damuwa, yana cewa komai ya yi daidai, jariri kuma ya fi kowa ilimi. Yara suna dariyar faɗuwa da duka, manya kuma sun san da wa ake.

Akatsuka bai tsaya a kan mutanen labarin ba, har takardar ma ya yi wasa da ita. Ya taɓa cika shafuka da fuskokin Bakabon da babansa daidai girman fuskar mutum. Ya taɓa fitar da zane da hannun hagu. A 1974 ya canza sunansa na alƙalami zuwa Ichiro Yamada, suna gama-gari kamar a ce Musa Ibrahim a wurinmu, na wasu 'yan watanni sannan ya koma nasa.

Da aka zo mayar da labarin katun na talabijin kuwa, sai aka ga rigima. Zubi na farko ya fita daga Satumba 1971 zuwa Yuni 1972, kashi 40, kamfanin Tokyo Movie ya yi shi. Masu talabijin ba su yarda a nuna wa yara uba mai zaman kashe wando ba, sai suka ba Baban sana'ar gyaran lambu, suka rage haukan, suka ƙara darasin tarbiyya. Mai labarin bai ji daɗi ba. Shi ya sa da aka sake yi daga 1975 zuwa 1977 aka sa wa sunan kalmar "Ganso" a gaba, wato na asali, aka mayar da Baban zaman banzarsa. Wannan ya kai kashi 103, kuma shi ne muka kalla a ɗaki na shida. An ƙara yi a 1990, da 1999 zuwa 2000, sai na 2018 wanda aka sa a tsakar dare don manya. Ga darasi ga mu masu nazarin tarihi: da ka ga abin da hukuma ko mai kuɗi suka cire daga wasan barkwanci, ka ga abin da al'ummar take tsoro. A Japan ta 1971 harbin ɗan sanda bai ba su tsoro kamar magidanci marar aiki ba. Mu ma da muka taso da Samanja da marigayi Ibro mun san yadda mai barkwanci yake faɗa wa mai kaki da mai rawani abin da mai hankali ba zai iya ba.

Kada in yi muku kwalliya, ƙarshen mutumin da nauyi. Giya ta yi masa illa ƙwarai, aka same shi da ciwon daji a maƙoshi, jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa a 2002, ya yi shekara shida a kwance, ya mutu ranar 2 ga Agusta 2008 yana da shekara 72. Wasu sassan katun ɗin ma barkwancinsu da kaushi, ba kowanne za ka kunna wa ƙannenka ba. Amma a wajen jana'izarsa an ga wani abu. Fitaccen mai gabatar da shirye-shiryen talabijin Tamori ya tashi ya yi jawabin bankwana yana duban takarda, masu kallo suka lura kamar ba komai a rubuce a jikinta. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin Tamori ba kowa ba ne, Akatsuka ne ya ba shi masauki a gidansa ya ɗauki nauyinsa. Abin da Terada ya yi masa a gidan haya shi ma ya yi wa wani. An rushe Tokiwa-so a 1982, amma a 2020 gundumar Toshima ta gina irinsa sak a kusa da wurin ta mai da shi gidan tarihi, har da kicin ɗin nan na tarayya.

To me ya kawo duk wannan cikin zancen makaranta? 'Yan uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawanmu a kudu muna zama kamar baƙin kwana ɗaya. Abokanmu 'yan ƙungiyar ɗaliban jiharmu ne, abincinmu a Sabo, hirarmu a ƙofar masallaci. Na san dalili, ni ma an kira ni "aboki" da muryar da ba ta abota ba, kuma duk lokacin da aka ce rikici ya tashi a wani gari, mu ne waya ba ta barinmu barci, Hajiya tana cewa a dawo gida. Tsoron nan ba ƙarya ba ne. Amma ran da abu ya ɓaci da tsakar dare, 'yan ƙungiya suna can wata unguwa, wanda yake bayan bangonka shi ne zai ji motsinka. Ba na kwatanta mu da iyalan jami'in mamaya, mu 'yan ƙasa ne a ƙasarmu. Abin da na ɗauka kawai shi ne, a ranar da komai ya rushe a Manchuriya, takarda da muƙami ba su fitar da iyalan Akatsuka ba, gaisuwar shekara da shekaru ce ta fitar da su.

Na ga ƙaramin misalin haka da kaina. Sati uku bayan daren nan zazzaɓi ya kayar da ni, kwana biyu ban leƙo ba. Baba ne ya fara lura, saboda ba wanda ya amsa masa tambayarsa ta kullum. Ya buga ƙofa, ya kira yaron ɗaki na shida, shi ya samo mai babur ya kai ni asibiti. Mama mai ƙosai, wadda na sha tsine wa injinta a zuciyata, ita ta dama min koko kwana huɗu, ta ce, "Ɗana, sha duka, ba na son ragi." Da na miƙa kuɗi sai ta harare ni. Tambayar nan da nake ɗauka sa ido ce, ashe kiran rajista ne.

Babi na biyu kuwa ya koma wurin sufabaiza karo na huɗu, har yanzu ban ji komai ba. Ban zama Baban Bakabon ba, ba zan ce gyara sau huɗu ya yi daidai ba. Sai dai na daina lissafin kuɗin mota. Yaron ɗaki na shida ya koya min yadda ake jera manazarta a kwamfuta cikin minti biyar, abin da nake kwana ina yi da hannu, ni kuma ina duba masa Turancin rahotonsa. Dariyar dare ma mun yi sulhu, ta koma daren Asabar kaɗai, kuma da ni ake yi.

Wanda yake da jarrabawa a gaba, Allah ya ba da sa'a. Masu fama da sufabaiza irina, Allah ya sassauta. Yau da safe da na fito da jakata Baba yana ƙofar gida da tsintsiyarsa, ya ce, "Malam, ina zuwa?" Na tsaya na ce, "Laburare, Baba, sai la'asar." Ya ce in taho masa da batir ɗin rediyo.